Saura Waƙar Kogi

East Corbel, Vermont
Yuni, 1994

Yaya Emmett,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Mu nan lafiya lau, in ban da ƙafar Mama da ke kumbura duk ranar da ta yi doguwar tsayuwa a gidan kula da tsofaffi. Na gama jarrabawa. Lissafi ya zo da sauƙi, tarihi kuwa kada ma ka tambaya.

Na aika wannan gidan wayan garin nan na Ohio, na rubuta a bayan ambulan cewa a ajiye har ka zo, kamar yadda ka nuna mini. Matar gidan wayanmu ta tambaye ni ko ɗan'uwan nawa ba shi da gida ne. Na ce yana da shi, makaɗa yake bi gari-gari. Ta dube ni ta saman tabarau, na ji kamar in nutse.

Kaset ɗin da ka aiko ya iso. Na saurare shi duka a ɗakina, a hankali don kada Mama ta ji. Gaskiya har yanzu ban gane yadda makaɗan naka, Tin Heron, suke jan waƙa ɗaya har mutum ya manta inda ta faro ba. Amma na ji daɗin waƙar aron. Ka ce kowane wasa sai sun ɗauko waƙar wani guda ɗaya sun yi, kuma ba wanda ya san wacce ce sai an kaɗa ta. Na ji yadda mutane suka yi tsit, sannan ihu ya tashi. Na yi ta kasa kunne ko zan tsinci muryarka, ban tsinta ba.

Mama ba ta ambatonka. Amma jiya tana shanya na ji tana rera "Bar Mini Fitila", waƙar nan da marigayi Kaka yake yi in yana gyaran tarakta. Da ta gan ni sai ta katse waƙar, ta ce in miƙo mata kwandon.

Kana cin abinci kuwa? Burodin nan da kuke soyawa da cuku kuna sayarwa a filin ajiye motoci, kana rage naka?

Ƙanwarka,
Lorna

*

Ohio, a bayan motar Junie

Auta,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau. Ki gaida Mama in kin ga fuskarta a sake. Yanzu zauna ki sha labari.

Da rana na karɓi wasiƙarki. A motarmu muna da wani wasa: kafin a buɗe ƙofar dandalin kiɗa, kowa sai ya kira waƙar aron da yake zaton za a yi. Wanda ya ci ya huta da kankare kaskon suya har sai wani ya ci. Ni tun da muka taso ban taɓa ci ba, hannuna ya koma kamar na bakanike. Junie, mai motar, ta ce, "To Sarkin Kasko, yau me za ka kira mana mu yi dariya?" Wasiƙarki na aljihuna, sai kawai na ce "Bar Mini Fitila". Ta ce, "Wacce ce kuma wannan? A cocin ƙauyenku ake yin ta?"

Auta, suka yi ta!

Wick mai jita ya matso gaba, ya rufe ido, ya fara. Duk yawan jama'ar nan ba wanda ya san ta, ni kaɗai nake bin baitin. Har warin man tarakta na ji. Junie ta juyo tana ɗirka mini duka a kafaɗa tana cewa, "Kai ɗan banza, wa ka sani a cikinsu?" Da aka tashi, masu ɗaukar kaset suka yi ta zuwa suna tambayata sunan waƙar don su rubuta a jikin kwali.

Na ce musu ƙanwata ce ta kira ta, yarinyar da ba ta taɓa zuwa wasa ba, ko a aji ba ta ɗaga hannu. Yanzu duk layinmu na filin ajiye motoci an san da ke. Ki aiko mini wata, gidan wayan da ke biye a jerin garuruwan da na bar miki. Kada ki ce mini kunya.

Yayanki,
Emmett

*

East Corbel
Yuli

Yaya Emmett,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun samu wasiƙarka, kuma muna lafiya. An fara yankan ciyawa a gonar su Gagne, ina taya su jera damin. Hannuna duk ƙaiƙayi.

Na karanta wa Mama wurin da ka gaishe ta. Ta ce, "Ya ce yaushe zai dawo?" Na ce ba ka faɗa ba. Ta ci gaba da fere dankali.

Sau da yawa na karanta inda ka ce an san da ni a layinku. Ban san me zan ji ba. Ba ka taɓa rubuto mini wasiƙa mai tsawon wannan ba, ko lokacin da kake kwaleji.

Na hau ɗakin sama na ɗan bincika akwatunan Kaka, na ga wani abu. Ba zan faɗa maka ko mene ne ba, kada Junie ta ce maguɗi muka yi, ta mayar da kai kasko. Ka kira "Takalman Baƙo". In ba su yi ta a wasan farko ba, ka riƙe ta, kada ka sauya.

In ta ci, ka rubuto mini duk abin da aka ce. Duka, har abin da Junie ta ce.

Ƙanwarka,
Lorna

*

Wisconsin

Auta,

Lafiya lau. Ban taɓa jin lafiya irin wannan ba.

Sun yi ta. Wasa biyu na riƙe ta ana yi mini dariya, a na uku suka yi ta. Kin san abin da waƙar ta ce? Baƙo ya iso ƙofar gari, ya cire takalmansa ya ajiye wa duk mai bukata, ya wuce jikinsa ba nauyi. Wick yana kan wannan baitin ya ɗago kai ya dube ni. Ni, Auta. Ba gefena ba, ni.

Da muka fito na cire takalmana na ba wani yaro ɗan Kentucky. Tun ranar nake tafiya haka. Kwalta tana da zafi amma zafin nan magana yake yi, in kin saurara.

Junie ba ta gane ba. Ta ce, "Emmett, in ka taka kwalba, ka sani motata ba asibiti ba ce." Ta ce in kwanta in yi barci. Na ce mata ita ta yi, ni an ce in bar fitila a kunne. Tun Ohio aka faɗa mini, ban dai lura ba sai yanzu. Ta ce, "Wa ya faɗa maka?" Na ce wa kuwa in ba makaɗan ba. Tun daga nan ta daina ce mini Sarkin Kasko.

Na daɗe ina zaton waƙoƙin aro wasa ne. Ashe saƙo ne. Su ba su san suna aikawa ba, ke ma ba ki san kina karɓa ba, amma ta wurinki yake biyowa ya zo gare ni. Mutane suna zuwa motarmu suna tambaya, "Me ƙanwar ta ce?" Wata mata ta ba ni abin wuya in aiko miki, na ba wani.

Ki aiko ta gaba, Colorado. Kada ki yi tunani, ki rubuta abin da ya zo miki kawai. Ina jira, ba na komai sai jira.

E.

*

East Corbel
Yuli

Yaya Emmett,

Ina gaishe ka, ina kuma roƙon Allah ya sa kana lafiya da gaske. Mu lafiya. Don Allah ka karanta wannan a zaune, ka karanta har ƙarshe, sannan ka ba Junie ita ma ta karanta.

Ba abin da yake zuwa mini. Abin da na gani a akwatin Kaka wani ƙaramin faifan garmaho ne na wani mawaƙi, Orrin Tackaberry. Waƙa biyar ce a kai. Ta farko ita ce waƙar aron da ke cikin kaset ɗin da ka aiko mini, na gane ta da na sa faifan. Ta biyu "Bar Mini Fitila". Ta uku "Takalman Baƙo". Ina jin wani a cikin makaɗan ya tsinci irin faifan a gwanjo, suna bin sa ɗaya bayan ɗaya, suna sako waƙoƙin wasu a tsakani. Shi ke nan. Ta fitila sa'a ce kawai, ta takalma kuwa karantawa na yi a jikin kwali. Na ɓoye maka ne don ina son ka ci gaba da rubuto mini.

Ga sauran biyun, don ka ga ba wani asiri. Ta huɗu "Mararraba", ta mutumin da ya rabu da abokan tafiyarsa. Ta ƙarshe "Kogi Zai Kai Ni". Wani mai tura gungumen katako a ruwa ne ya gaji, ya shiga kogi ya ce shi zai kai shi gida. Ba gida ya kai shi ba, Yaya. Na saurare ta sau ɗaya, na ɗage allurar.

Mutumin nan ya yi waƙoƙinsa tun kafin a haifi Baba. Bai san ka ba. Wick ma bai san ka ba, fitila tana haske masa ido, ba ya ganin kowa.

Ka sayi takalma. Ka yi barci. Ka kira gida, ko ba ka da kuɗin waya ka ce a caje mu, Mama za ta karɓa, na tambaye ta.

Ƙanwarka da ke neman gafararka,
Lorna

*

East Corbel
Agusta

Yaya Emmett,

Gaisuwa. Muna lafiya. Shiru ban ji daga gare ka ba. Ban sani ba ko ta Colorado ta same ka, shi ya sa na aika wannan Utah.

Kullum ina tsayawa bakin hanya in jira motar wasiƙu. Mai motar har ya fara girgiza mini kai tun daga nesa.

Jiya wayar gida ta yi ƙara, na ɗauka, na ji hayaniyar mutane da ganguna. Wata mata ta ce, "Ke ce Lorna? Junie ce. Emmett yana nan wurinku?" Na ce a'a. Ta ce, "Wayyo Allah," sai kuɗinta suka ƙare, layin ya yanke.

In fushi kake da ni, ka yi fushin. Amma ka rubuto ko layi ɗaya.

Lorna

*

Idaho, bakin hanya

Auta,

Ina lafiya. Ƙafafuna sun yi ƙarfi.

Wasiƙarki ta daɗe tana jirana a Colorado. Ban je na karɓa ba sai bayan wasan. A wasan nan suka yi "Mararraba". Na ɗauki bargona na yi wa Junie sallama, tana kuka tana zagina. Da safe na buɗe wasiƙarki, sai ga sunan waƙar da rubutunki, kin rubuta tun kafin a yi ta. Na yi dariya har mai gadin gidan wayan ya fito.

Kin ce faifai ne. To wa ya sa Kaka ya saye shi? Wa ya sa ya ajiye shi a gidanmu duk shekarun nan, ba gidan wani ba? Wa ya hau da ke ɗakin sama? Kina ganin kin rushe abin, alhali kin nuna mini gindinsa ne.

Na gode da kika faɗa mini ta ƙarshe. Kin san inda za a rufe zagayen wasannin bana? A Washington, dandalin nan da ke bakin kwazazzabo. In mutum ya tsaya yana kallon makaɗa, kogin Columbia yana bayansu, can ƙasa. Akwai hanyar ƙafa da ke gangarawa.

Kada ki ji tsoro. Kin ce ba gida ya kai shi ba, amma ke daga tudu kike kallo.

Ki ce wa Mama ina hanya.

E.

*

East Corbel, Vermont
Agusta

Goggo Verna,

Gaisuwa da girmamawa, da fatan kina lafiya. Ni ce Lorna, autar yayanki marigayi Dale. Sau ɗaya muka haɗu, ranar jana'izarsa, kika ba ni alewar na'ana'a. Na san tun ranar ba ku magana da Mama, saboda kaset ɗin Tin Heron da kika kunna a bakin kabari. Na samo adireshinki a bayan wani tsohon katin Kirsimeti. Na nemi lambar wayarki, aka ce ba ki sa ta a littafi ba.

Yaya Emmett ba shi da lafiya a kansa. Yana bin Tin Heron tun bazara, kuma ya yarda cewa waƙoƙin aron da suke yi umarni ne gare shi. Duk abin da waƙa ta ce sai ya aikata. Suna bin faifan Orrin Tackaberry na Kaka, wataƙila kin tuna shi. Saura ta ƙarshe, ta kogi. Ni na faɗa masa sunanta, ina zaton zai farka, sai abin ya ƙara muni. Na sa wasiƙarsa ta ƙarshe a ciki, ki gani da idonki.

Na nuna wa Mama komai. Ta kira 'yan sanda, suka ce babban mutum ne, bai yi laifi ba, kuma ba za su iya tsamo mutum ɗaya a cikin dubbai ba. Ta zauna a ƙasan kicin riƙe da wayar. Na ce mu neme ki, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ko mun taso yau a bas ba za mu iso kan lokaci ba, kuma ko mun iso ba mu san yadda ake neman mutum a wurin nan ba. Baba ya taɓa cewa ke kina cikin waɗanda suka fara ɗaukar wasanninsu a kaset, kin san mutanen, kuma kina kusa.

Wasan ranar Asabar ne. Dogo ne, yana da jan gemu da tabo a girar hagu. Ba ya sa takalma.

Don Allah, Goggo. Ban san wanda zan roƙa ba bayan ke.

'Yarki,
Lorna

*

Wenatchee, Washington
Agusta

Lorna 'yata,

Ina gaishe ki, ina gaida mamanki ko tana so ko ba ta so. Na faɗa mata a waya cewa yana da rai, yana gidana, amma kuka bai bar ta ta ji sauran ba. Ke kika rubuto, ke zan ba labari.

Wasiƙarki ta same ni ana gobe wasan. Na jawo akwatin kayan ɗaukata daga ƙarƙashin gado, rabona da shi tun ina da baƙin gashi. Ba ni da tikiti. Na tsaya a bakin ƙofa na ɗaga yatsa ɗaya sama kamar 'yar yarinya, alamar ina neman mai ba ni tikiti ɗaya. Wani mai sanƙo ya ƙare mini kallo ya ce, "Verna? Ke ba ki mutu ba?" Na ce, "Kai ma ga ka, gashin ne kawai ya riga ka." Shi ya ba ni tikitin wurin masu ɗauka.

Neman yayanki bai yi wuya ba. Na ce ina mara takalman nan da ƙanwarsa ke kiran waƙa, kowa ya nuna mini da hannu. Yana zaune a kan shinge, ƙafafunsa suna lilo ta wajen gangaren. Kamanninsa na Dale ne sak.

Na ce, "Ɗan Dale, ba ka gaida goggonka?"

Ya ce, "Ke ma an aiko ki ki gani?"

Ban yi masa gardama ba. Na taɓa ganin irinsa a wannan hanya, gardama ba ta jawo su. Na ce, "Na ji yau za a yi ta kogi. Na zo ɗauka, amma kafaɗata ta lalace, ga iska. Ina neman mai riƙe mini sanda."

Ki gane, makirufo a kan doguwar sanda muke ɗaga shi sama da kawunan mutane. A wurin nan iska daga kogi take tasowa, in ba a riƙe ba sai ta kayar. Ya ce ai akwai masu ɗauka da yawa. Na ce, "Dube su, matsorata, duk sun sauke nasu ƙasa, tari da surutun mutane za su kwasa. Tawa ce kaɗai a sama. In ta faɗi, ba wanda zai ƙara jin waƙar nan yadda aka yi ta. Ka taɓa ganin wanda ya saki sanda ana tsakiyar waƙa?"

Ya ce, "Ba a yi."

Na ce, "To."

Ya sauko.

Rana tana gangarawa bayan kogin suka fara ta. Jama'ar da ke kusa suka waiwayo suna tafa masa, wani ya yi ihu, "Ƙanwar ta sake ci!" Na ji kamar in shaƙe shi. Na dubi ƙafafun Emmett, sun riga sun juya wajen hanyar gangare. Jikinsa duk ya karkata, hannuwan ne kawai suka rage a kan sandar. A gindin makirufo ba a magana, ko tari sai mutum ya haɗiye. Na so in kira sunansa, amma na san in ni na karya dokar, shi ma ya samu hanyar karyawa. Na kama bakina. Iska ta bugo, sandar ta lanƙwasa, na ga ya ƙara damƙe ta.

Baitin ya ƙare, suka shiga jan kiɗan kamar yadda suka saba. Suka yi ta ja. Hawaye yana bin gemunsa, yana jiran su tsaya ya miƙa mini. Ni kuma ina addu'a kada su tsaya. Ba su tsaya ba. Mai ganga ya sauya taki a hankali, kafin ka ankara sun zarce cikin wata waƙarsu ta rawa, ba ko numfashi a tsakani. Daga ita suka zarce wata. Da suka ajiye kaya don hutu, ta kogin ta yi nisa a baya, mutane suna dariya suna neman ruwan sha.

Ya ce, "An wuce ta."

Na ce, "An wuce."

Ya ce, "Ba su bar mini wuri ba."

Sai da na ɓamɓare yatsunsa daga sandar ɗaya-ɗaya. Ban jira rabi na biyu na wasan ba, na sa shi a mota.

Kada in yi miki ƙarya, bai warke ba. Likita ya ga ƙafafun ya ga kan, ya ba da magani, ya ce a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa ranar Talata. Ya yi barci mai yawa, ya ci miyar kaza. Amma kogin nan ta bayan garinmu ya bi, ana hango shi daga tagar kicin, kuma na kama shi yana tsaye a wurin. Na jawo kujerata bakin ƙofa, nan nake kwana. Ya ce in ba shi kaset ɗin ya ji. Na ce injin ya lalace.

Ki ce wa mamanki ta zo, akwai ɗaki. Ba zan kunna komai ba.

Ya ce in tambaye ki abu ɗaya. Na so in ƙi, amma na yi masa alkawari. Wai yanzu da faifan ya ƙare, me ke biye? Ki yi tunani kafin ki ba shi amsa, don zai auna kowace kalma.

Goggonki,
Verna

*

East Corbel
Agusta

Yaya Emmett,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafafun? Ni lafiya. Mama ta samu hutu daga wurin aiki, ita za ta miƙa maka wannan da hannunta. Tun safe take ninke kayanka na sanyi tana warwarewa. In ta yi maka faɗa ka bar ta ta yi.

Ni zan zauna gidan su Gagne har ku dawo, saboda an kusa komawa makaranta. Na so in zo. Mama ta ce in ka gan ni za ka yi ta kallon bakina, na ga gaskiyarta.

Goggo ta isar mini da tambayarka. Na zauna da takarda a gabana har shayina ya huce. Na rubuta abubuwa da dama masu daɗin ji, na yayyaga, don duk wanda na duba sai in ga za ka iya bin sa zuwa wani wuri.

Ban san abin da ke biye ba, Yaya. Ban taɓa sani ba. In ka sake tambayata gobe, haka zan ce maka, da jibi ma. Ka je wurin likita ranar Talata. Ka riƙa rubuto mini ko ba ni da abin da zan kira.

Ƙanwarka,
Lorna